Kifin Kwata: Yadda Za Ka Gane Gufi, Ka Kamo Shi, Ka Ba Shi Gadin Ruwan Gidanka

Duk mazaunin Legas ya san kwata. Da asuba ka tsallake ta za ka masallaci, da yamma ka tsallake ta ka dawo daga kasuwa, kuma ba mai leƙa cikinta sai dai a toshe hanci a wuce. To ran da ka samu sarari, ka nemi wadda ruwanta yake ɗan gudu, ka tsuguna a bakinta, ka yi shiru na minti biyu. Za ka ga wasu 'yan abubuwa suna kai da kawo dab da saman ruwan, wasu ruwan toka, wasu kuma in rana ta haske su sai ka ga ɗigon ruwan lemo da shuɗi yana walƙiya. Ba 'ya'yan kwaɗi ba ne. Kifi ne cikakke, kuma iyakar girmansa ke nan.

Ni a wajen wani dattijo mai sayar da furanni a bakin titi, can wajen Oko-Oba, na fara sanin darajarsa. Yana da rabin duro guda uku da yake tara ruwan ban-ruwa, a buɗe suke dare da rana. Na ce masa, "Baba, wannan ai gidan sauro ka gina." Bai ce komai ba, ya miƙo mini kofi ya ce in ɗebo in duba. Na ɗebo sau uku, ban ga tsutsa ko ɗaya ba. Sai ya kaɗa yatsa a saman ruwan, 'yan kifaye suka taso kamar an kira kaji tsaba. Ya ce, "Ɗana, ga masu gadin nan, kuma ba sa karɓar albashi."

Wannan kifi sunansa gufi, masana kuma suna ce masa Poecilia reticulata. Yaran gidanmu kifin kwata suke kiransa. Asalinsa ba ɗan Afirka ba ne. Daga arewa maso gabashin Kudancin Amurka ya fito, wato Benezuwela da Guyana da tsibirin Tirinidad. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Peters, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1859, sunan gufi kuma daga Robert Lechmere Guppy ya samo asali, mutumin da ya aika samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan, aka raɗa wa kifin sunansa a 1866. Daga baya aka yi ta baza shi a ƙasashe masu zafi saboda yana cin tsutsar sauro, masu kiwon kifin ado su ma suka taimaka wajen yaɗa shi. A Legas ya samu gida, ya zauna daram.

Fara da gane shi, kada ka kamo wani

Mace da namiji sun sha bamban, har wanda bai sani ba zai ɗauka iri biyu ne. Macen ta fi girma, takan kai santimita 3 zuwa 6, launinta ruwan toka ne mai ɗan sirkin ƙasa-ƙasa, ba ado ba kwalliya, cikinta a cike. Ta bayan cikin, kusa da inda jela ta fara, akwai wani baƙin tabo. Wannan tabon shi ne babbar shaida, kuma yakan ƙara duhu da faɗi idan ta kusa haihuwa. Namijin ƙarami ne siriri, santimita ɗaya da rabi zuwa uku da rabi, bai fi gaɓa biyu ta ɗan ƙaramin yatsanka ba. Shi ne mai kwalliyar: ɗigon baƙi, zanen ruwan lemo, ɗan kore da shuɗi mai sheƙi, kuma da wuya ka ga maza biyu masu zane iri ɗaya. Duba ƙasan cikinsa. Inda mace take da fiffike mai faɗi kamar ɗan mafici, shi nasa ya naɗe ya zama tsinke mai tsini yana kallon baya. Da shi yake barbara.

Kada ka sa ran ganin mai doguwar jela kamar gyale irin wanda ake sayarwa a shagon kifin ado. Waɗancan zaɓen iri aka yi ta yi shekara da shekaru har suka zama haka. Na kwata jelarsa gajeriya ce, kuma a ganina ya fi su amfani nesa ba kusa ba, domin ya saba da wahala, ba ya mutuwa da ƙaramin abu.

Bakinsa sama yake kallo, saman kansa kuma a shafe yake. Halittar mai cin abinci a saman ruwa ke nan, inda tsutsar sauro take zuwa shaƙar iska.

Abubuwa uku ne suke ruɗa mutane. 'Ya'yan kwaɗi kansu ƙato ne, jelarsu tana lanƙwasa kamar zare. 'Ya'yan karfasa jikinsu ya fi faɗi, akwai ratsi-ratsi a tsaye a gefensu, fiffiken bayansu dogo ne ya kusa kai wa jela. In ka saka su cikin naka, wata biyu sun girma sun cinye maka 'ya'yan gufi. Na uku su ne ƙananan kifayenmu na asali, waɗanda za ka tarar a rafuka masu tsabta da bakin fadamu idan ka fita bayan gari: akwai mai ido yana ƙyalli shuɗi kamar an kunna masa fitila, akwai kuma wani ɗan siriri mai ruwan azurfa da ja da baƙin ɗigo a fiffiken bayansa. Waɗannan ƙwai suke sakawa, kuma sun fi son ruwa mai tsabta da inuwa. Ka bar su inda Allah Ya ajiye su.

Inda yake zama

Gufi ba ya son ruwa mai ƙarfin gudu, ba ya son zurfi. Nemi lambatu mai faɗi wanda ruwa ba ya yankewa ko da rani, inda rana take taɓawa, ga ciyawa a gefe, ga gansakuka a jikin siminti. Bayan masallatai inda ruwan alwala yake kwarara kullum, gefen wurin 'yan garuwa inda famfo ke ɗiga, ƙananan magudanai da suke gangarawa manyan kanal, duk wurarensa ne. Yana jure ƙazantar da za ta kashe yawancin kifaye, yana jure ɗan gishiri ma, shi ya sa ake samunsa har a unguwannin da suke kusa da lagun. Amma juriyar tana da iyaka. Kwatar da baƙin mai ya rufe samanta kusa da garejin makanikai, ko wadda ta yi baƙi ƙirin tana tafasa da kumfa, ko wadda ake zubar da ruwan rini da na wanki, ba za ka same shi ciki ba.

Lokacin nema ma yana da muhimmanci. Tsakanin Afrilu da Yuli, in ruwan sama ya kankama, ambaliya takan watsa su ko'ina. Ka fi samunsu a tattare lokacin ɗan tsagaitawar ruwa na watan Agusta, ko daga Nuwamba zuwa Maris idan ruwa ya ja baya suka taru a 'yan wurare. Da hantsi ya fi, sun taso sama suna kiwo.

Halinsa, wanda shi ne daɗin kiwonsa

A nan zan ɗan daɗe, domin wanda ya san halin kifin ba ya bukatar a yi ta faɗa masa ƙa'idoji.

Gufi haihuwa yake yi, ba ƙwai yake sakawa ba. Ƙwan a cikin uwar yake ƙyanƙyashewa, bayan kwana 21 zuwa 30 ta haifo 'ya'ya rayayyu, kowane bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Na taɓa zama na kalli wata tana haihuwa a cikin kwalbar gilashi. Ta koma gefe guda ta tsaya cik, jikinta yana ɗan karkarwa, sai ga ɗa ya faɗo a dunƙule kamar ɗigon hawaye mai idanu biyu. Kafin ya kai ƙasa ya warware, ya yi wuf ya shige cikin saiwar ciyawa. Ba wanda ya koya masa ɓuya, kuma yana da dalili: manyan, har da uwar da ta haife shi, cinye shi za su yi in suka same shi a fili. Ƙaramar mace takan haifi biyar ko goma, babba takan haifi talatin ko fiye. Wani abin mamaki kuma, mace tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta na watanni, ta yi haihuwa bayan haihuwa ba tare da wani namiji a kusa ba. Saboda haka mace ɗaya tak mai baƙin tabo ta isa ta cika maka duro. 'Ya'yan kuma cikin wata biyu zuwa uku su ma sun isa haihuwa.

Namiji ba shi da aiki sai neman mace. Zai sha gabanta, ya lanƙwasa jikinsa kamar harafin S, ya buɗe fiffike da jela yana karkarwa yana nuna mata launinsa. In ta ƙi kula shi, sai ya zagayo ta baya ya yi ƙoƙarin satar barbara. Haka yake yini. Wannan ne dalilin da ya sa ba a tara maza da yawa a kan mace ɗaya, sai su hana ta ci su hana ta hutu har ta rame.

Launin namiji ma yana da labari. Wani masani mai suna John Endler ya yi nazari a rafukan Tirinidad, ya wallafa sakamakon a 1980. Ya nuna cewa inda manyan kifaye masu cin gufi suka yi yawa, mazan ba su da kwalliya sosai, domin mai ƙyalli shi ake fara gani a cinye. Inda babu maƙiya kuwa, bayan 'yan haihuwa kaɗan sai launin ya ƙaru, domin mata sun fi son mai ado. A bahona na ga mai kama da haka, jikokin waɗanda na kamo sun fi kakanninsu haske.

A garke suke yawo, da rana suke kiwo, da dare su lafa. In inuwarka ta faɗa kan ruwa za su nutse gaba ɗaya, amma bayan mako guda na ciyarwa, da sun ji motsinka sai su taso.

Shirya masa gida kafin ka je kamu

Kuskuren da kowa yake yi shi ne a kamo kifi sannan a fara neman inda za a zuba shi. Gidan ake fara shiryawa, da kamar mako guda.

Samu babban bahon roba ko rabin duron roba mai cin lita 50 zuwa 100. Faɗi ya fi zurfi amfani, domin ta saman ruwa iska take shiga. Kada ya zama wanda aka taɓa zuba sinadari ko fetur ko maganin ƙwari a ciki. Wanke shi da ruwa da gishiri kawai. Karon farko da na gwada, da garin sabulu na wanke bahon, na ɗauraye sau biyu ina ganin ya fita. Kafin la'asar kifaye goma sha biyu duk sun juya ciki sama. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ni na ɗauko su daga inda suke zaman lafiyarsu.

Sai ruwa. In na famfon gwamnati ne, akwai kulorin a ciki, a bar shi a buɗe kwana biyu ya fice. In na rijiya ne ko na burtsatse, ko wanda mai ruwa ya kawo a jarka, shi ma a bar shi ya kwana biyu, musamman irin wanda yake yin ja-ja in ya jima saboda ƙarfen da ke cikinsa. A tsiyaye na sama a bar lakar. Ruwan sama zalla bai cika yi wa gufi daɗi ba, ya fi son ruwa mai ɗan ma'adini. Jefa 'yan ɓawon katantanwa ko na kawa da aka wanke tas a ƙasan bahon, suna gyara wannan a hankali.

Zuba ɗan yashi mai tsabta da 'yan duwatsu a ƙasa. Sa kainuwa a sama, domin saiwarta ita ce maɓoyar 'ya'ya, kuma tana tsotse dattin ruwa. Sai dai a kula da ita sosai. Kainuwa dashen Allah ce, mako biyu ta rufe baho ruf, ta hana iska shiga. Ban da haka akwai wani nau'in sauro da tsutsarsa take maƙalewa a saiwarta tana shaƙar iska daga nan, ba ta tasowa sama. Saboda haka kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na saman ruwan, kana ragewa kana shanyawa a rana ta bushe kafin ka zubar.

Ajiye bahon inda zai samu ranar safe, inuwa ta rufe shi da azahar. Gufi ya fi walwala a ɗumin da bai gaza digiri 22 ba bai wuce 28 ba, kuma yanayin Legas kusan haka yake duk shekara, amma baƙin duro a tsakiyar ranar Maris dafa kifi yake yi. Huda 'yan ƙananan ramuka ɗan taƙi ƙasa da bakin bahon, ka toshe su da soso ko ragar waya mai ƙananan idanu, yadda in ruwan sama ya cika shi ruwa zai fita kifi ya zauna.

Abu na ƙarshe a nan, kuma ya fi duk sauran nauyi: a gidan haya muke, tsakar gida cike da yara masu rarrafe. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri. A rufe bahon da ragar ƙarfe mai ƙarfi, a ɗaure ta. Ragar za ta kuma hana mage da tsuntsaye.

Ranar kamu

In akwai maƙwabcin da yake da su, roƙi biyar a wajensa, ka huta da shiga kwata. In babu, tanadi rariyar roba mai ƙananan idanu ka ɗaura mata sanda, da bokiti mai murfi, da safar hannu ta roba. Kada ka yanki gidan sauro mai magani ka yi koma da shi. Maganin da ke jikinsa guba ne mai ƙarfi ga kifi.

Ruwan kwata ba abin wasa ba ne. Kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, kuma akwai cutar da fitsarin ɓera yake bari a irin wannan ruwa, tana shiga ta ciwo ko tsagewar fata. Mai rauni a hannu ko ƙafa kada ya taɓa. Kada a tura yara su kaɗai. In an gama a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, nesa da bokitin kifin.

Dabarar kamun ita ce haƙuri. In ka bi su da rariya ba za ka kama ko ɗaya ba. Nutsa ta a hankali ƙarƙashin ruwa, ka bar ta, ka barbaɗa ɗan garin burodi a samanta. Da sun taru sai ka ɗaga sama lokaci guda. Ɗebi ruwan wurin kaɗan a bokiti ka zuba su. Zaɓi mata shida da maza biyu ko uku, sauran ka mayar. Kada ka ɗauki mai farin ɗigo a jiki, ko mai lanƙwasasshen baya, ko wanda ya manne fiffikensa yana lilo wuri guda.

Da ka iso gida kada ka juye su kai tsaye. Sauyin ruwa na farat ɗaya yana kashe kifin da ya rayu a kwata. Duk bayan minti goma ka ƙara kofi ɗaya na sabon ruwa a bokitin, har awa guda. Sannan ka tsamo su da rariya ka sa a wata roba daban mai tsabtataccen ruwa, ruwan kwatar kuma ka mayar kwata. Su yi mako biyu a wannan robar kana canza rabin ruwan duk bayan kwana biyu, kana lura. Waɗanda suka fita lafiya su ne za su shiga baho.

Ci da kula

Gufi ba ya zaɓen abinci: tsutsar sauro, gansakuka, ƙananan ƙwari da suka faɗo ruwa, duk yana ci. In kana son ya yi maka aikin sauro, kada ka cika masa ciki. Sau ɗaya a rana, abin da ka ɗauka da yatsa biyu na abincin tarwaɗa da aka niƙa ya zama gari, ko garin busasshen jatan lande, ya isa. Abin da ba su cinye cikin minti biyu ba ya yi yawa. Yunwa ba ta cika kashe kifin baho ba, ragowar abinci da ya ruɓe shi yake kashewa. Ga jarirai, ɗan mitsitsin gwaiduwar dafaffen ƙwai a murje a ruwa, amma kaɗan ƙwarai domin tana saurin ɓata ruwa.

Kowane mako ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga ƙasa da ɗan tiyo, ka zuba wa shuke-shuke, taki ne mai kyau. Cike gurbin da ruwan da ya kwana. Kada ka taɓa juye ruwan duka ka kankare bahon. Wannan santsin da ke jikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a ciki, su suke narkar da gubar kashin kifi. Ɗan kore-koren ruwa ba laifi ba ne. Wari da fari-farin ruwa su ne alamar matsala. In ka wayi gari ka ga duk sun taru a sama suna buɗe baki, iska ta yi ƙaranci: canza rabin ruwan nan take, rage kainuwa, ka tsayar da abinci kwana biyu. In farin ɗigo kamar gishiri ya fito wa wani, ware shi a wata roba, ka narka ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a kowace lita huɗu, ya yi mako guda a ciki.

Ranar da za a yi feshin maganin sauro ko a yayyafa fiya-fiya a tsakar gida, rufe bahon da leda ka ɗaure, sai an kwana ka buɗe. A gaya wa matan gida kada a ɗauraye gidan sauro ko a watsa ruwan wanki kusa da shi.

Gaskiyar maganar sauro

Tsutsar sauro takan ɗauki kamar mako ɗaya zuwa kwana goma kafin ta zama sauro a zafi irin namu. Duk ruwan da gufi yake ciki da ɗan yunwa, da wuya ta kai wannan kwanakin. Saboda haka yana da amfani a ruwan da dole ya zauna a buɗe: duron ban-ruwa, tankin masu buga bulo, kwarmin da ba ya bushewa a cikin gida. Ba a sa shi a ruwan sha ko na girki, wannan murfi yake bukata.

Amma kada wani ya ce ya samu maganin zazzaɓin cizon sauro. Sauron da yake kawo ta ya fi son ƙananan kududdufai masu rana, irin sawun taya da ruwan da ya kwanta a fili, inda kifi ba zai rayu ba. Mai kawo shawara da zazzaɓin dengi kuma a tsohuwar taya da gwangwani da murfin roba yake hayayyafa. Najeriya ce take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma baho ɗaya ba zai sauya wannan ba. A ci gaba da kwana cikin gidan sauro, a kife duk abin da yake tara ruwa, mai zazzaɓi a kai shi gwaji.

In sun yi yawa

Za su yi yawa, wannan ba makawa. Wata huɗu bahon zai cika. Kiyasin da nake bi shi ne babban kifi ɗaya ga kowace lita huɗu ko biyar. In sun wuce haka, raba wa maƙwabta masu duro, ko ka raba maza da mata a roba biyu, ko ka cire kainuwa na ɗan lokaci manyan su rage 'ya'yan da kansu. Mai kiwon tarwaɗa ma zai karɓa da murna.

Abin da nake roƙo shi ne kada a zuba su a rafi, ko kogin Ogun, ko wata fadama mai tsabta, kuma kada a cika jarka da su a kai Arewa a juye a tafkin ƙauye ko madatsar ruwa da sunan taimako. Baƙo ne mai saurin haihuwa, kuma a ƙasashe da dama da aka sake shi ya takura wa ƙananan kifayen asali, yana cin abincinsu da ƙwansu. Waɗancan masu idon fitila su ma suna cin tsutsar sauro a wurarensu, ba sa bukatar kishiya.

In tafiya gida ta kama ka, ta Sallah ko ta biki, kwana goma ba abinci ba zai yi musu komai ba a bahon da ya zauna, akwai gansakuka da ƙwari. Canza ruwa kwana ɗaya kafin ka tashi, cika shi zuwa ramukan, ja shi inuwa, ka duba ɗaurin ragar. In za ka wuce mako biyu, ƙulla abincin kowace rana uku a 'yar takarda daban-daban ka ba maƙwabci, ka ce masa ƙulli ɗaya kawai, ko da sun taso suna roƙo.